Farfesa Ermete da Hutun Rabin Lokaci

A duk lardinmu ba a taɓa haifar mai ido irin na Farfesa Ermete Bacchilega ba, kuma shi da kansa ya tabbatar da haka. Bai taɓa koyar da ko kyanwa ba. Tabarau ya sayar har ya tsufa, amma tunda ya gyara idon rabin gari, sai ya ga ya cancanci ya riƙa faɗa musu abin da suka gani. A bayan idonsa ana kiransa Fitilar Majigi. Da labarin ya kai masa, ya ji daɗi ƙwarai.

Shi ne shugaban ƙungiyar masu kallon fim ta ranar Lahadi. Finafinan da ake nunawa irin waɗanda uba da ɗa za su zauna suna shan miya ne, babu mai cewa uffan, sai ƙarar cokali. Mutanenmu na son su tsakani da Allah. Signora Nives mai kantin magani ma da hankici biyu take zuwa, ta koma da su sharkaf. A wurin Farfesa kuwa kuka aikin marasa ilimi ne.

"Ku kallo kuke yi, ni gani nake yi," in ji shi kowane mako. "Shirun nan da kuke ji ba shiru ba ne, ihu ne ya sa kwat. Idan kun ga na rufe ido, kada ku dame ni, na shiga cikin fim ɗin ne."

Yakan shiga da nisa kuwa. Matarsa Clelia ta san sautin wannan zurfin tunani tun daren aurensu.

To, bana sai Signora Nives ta fito takarar shugabanci, aka sa zaɓe bayan fim ɗin Lahadi da la'asar. Wanda ya ci shi ke da jar kujerar tsakiya, shi ke fara sharhi. Farfesa zai iya haƙura da komai a duniya, ban da fara magana.

Ranar, Clelia ta yi lasanya, gasasshiyar taliyar nan mai nama da cuku, ya ci ya ƙara, ya sake ƙarawa don ƙarfafa basira. A ƙofar silima ya sanar cewa sau huɗu ya ga fim ɗin a Roma, ya san shi kamar yunwar cikinsa. Labarin wa da ƙane ne da suka gaji gonar zaitun, suka daina magana tun rasuwar mahaifiyarsu. Kafin wan ya gama ɗaure takalmi, Farfesa ya shige ciki.

Kowa ya san silimarmu na tsayar da fim a tsakiya, a kunna fitila, mutane su miƙe ƙafa su sha kofi. Farfesa ma ya sani, idan yana farke. Hasken ne ya tashe shi, ya buɗe ido daidai kan hoton ƙarshe, 'yan uwan sun juya wa juna baya. Zumbur ya miƙe, ya tafa shi kaɗai, ya haye dandamali don kada Nives ta riga shi.

"Kun ga ƙarshe! Kun ga jarumta! Da ƙaramin darakta ne, sai ya sasanta su, su rungumi juna, masu hankici su jiƙe mana kujeru. Wannan ya ƙi. Sau huɗu ina ganin ƙarshen nan, kowane karo sai tsikar jikina ta tashi."

Masu zuwa shan kofi suka dawo suka zauna, don wannan ya fi kofi.

"Ermete, sauko," in ji Clelia.

"Ba yanzu ba, Clelia, ina wayar da jama'a."

Yana cikin wayarwa aka kashe fitila. Hasken majigi ya sauka a kan sanƙonsa, kuma a gaban farar rigarsa aka rubuta ɓaro-ɓaro: KASHI NA BIYU. Ya tsaya ya karanta kansa daga sama, a juye, sannan ya lallaɓa ya sauko. Dariya har da masu riƙe ciki.

A kashi na biyun wa da ƙane suka tsinci zaitun tare, suka rungumi juna a ƙarƙashin bishiyar uwarsu. Zauren ya cika da shessheƙar kuka, kuma ba ta Nives kaɗai ba. Farfesa ya yi rantsuwa a ransa ba zai ko ƙifta ba. Amma lasanya ba ta san da rantsuwar ba.

Da aka kunna fitila ta gaskiya, aka ce masu son Signora Nives su ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga. Clelia ta ɗaga na dama, da na hagu tana gyara wa mijinta mayafin wuya. Aka ce masu son Farfesa fa? Daga jar kujera aka ji amsa guda: munshari dogo, mai fito a ƙarshe.

Wani ya miƙa hannu zai taɓa shi. Sabuwar shugaba ta share hanci, ta ce a hankali, "Ku ƙyale shi, bai gama gani ba."