Sulhun Baba da Gwaggo

A can inda na yi karatu, na sha karanta labarin manyan ƙasashe masu gaba da juna, waɗanda ana gab da yaƙi sai su sa hannu cewa ba mai kai wa wani hari. Ban taɓa sakin jiki da irin wannan alkawari ba. A ganina, in abokan gaba suka fara yi wa juna ladabi, to akwai abin da suka hango. Amma ban zaci a ɗakin asibiti zan gan shi da idona ba.

Ana gobe za a yi wa Baba aikin zuciya, Inna ta kira Gwaggo, taubashiyarsa, wadda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tsiya ba. Ta sa kowannensu ya yi alkawarin kama bakinsa har a fito daga tiyata.

"Ya ƙarfin jikin, Yaya?" in ji Gwaggo, tana ajiye leda a gefen gado.

Baba ya waiga bayansa. "Ni ne Yayan?"

"Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. Me kika kawo?"

"Silifas ne, na shiga banɗaki."

Ya ciro, ya jujjuya. "Duka na ƙafar hagu ne."

"Ayya, yi haƙuri. Bari in koma in canzo."

Sai na ga fuskar Baba ta sauya. Ya ajiye takalman a hankali.

"Likita ya faɗa miki wani abu ne da ya ɓoye mini?"

"Ko kaɗan."

"To me ya sa kike mini magana kamar kin zo ta'aziyyata?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. Baba ya gyara zama a kan filo.

"Da ma ke tun kina ƙarama ba ki san hagu da dama ba. Mijinki ma ɓatan hanya kika yi kika faɗa gidansa, kunya ta hana shi korarki."

"Malam, alkawarin fa?" in ji Inna.

"Na warware. Baiwata ce, gadonta na yi."

Gwaggo ta ɗago. "Baiwar wa? Kai da na goya kana tsiyayar majina? Ni mamakina ma, wai likita ya ce ya ga zuciya a ƙirjinka. Mu shekara da shekaru muna nema!"

"Gidanku na kai ajiya, yunwa ta sa kuka ci rabi."

"Gobe in sun buɗe su kira ni. In ba dutsen guga suka ciro ba, a aske mini kai."

Baba ya yi ta dariya har nas ta leƙo.

"Na sallama, uwar ɗakina. Bar takalman, haka zan sa su."

Na raka ta har bakin matakala. Can ta tsaya ta dafa bango, ta share ido da gyale.

Na ce, "Gwaggo, yau wa ya ci yaƙin?"

Ta ce, "Wa ya ce maka an gama? Ya dai fito mini da ransa tukuna."