Ranar da Na Kwaikwayi Annabi Musa

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka ba ni shugabancin masu ginin bariki a Sakkwato ba, 'yan shekaru bayan zuwan Nasara. Ni ɗan gidan malamai ne, ban taɓa riƙe ko akuya ba, sai ga ni da manoman ƙauye ana cewa in gama gini da su kafin damina ta kankama, ko a ba wani.

Ruwan farko na sauka ƙorafi ya tashi. Kowa so yake ya koma gida ya shuka gero. Kullum sai sun kewaye ni, ni kuwa in kumbura in yi ta zare ido.

Akwai wani akawu Kirista mutumin Saliyo, mai Hausa a karye. Ni da son jin ƙwaƙwaf (halina ne har yau), na tambaye shi ko akwai Annabi Musa a littafinsu. Ya ce sosai ma.

"To, in jama'a sunka dame shi da ƙorahi, mi yaka yi?"

"Yana faɗi ƙasa, fuska a ƙasa," in ji shi.

Abin ya burge ni har ban tsaya jin ƙarshen ba. Na ce lallai a nan asirin mulki yake.

Washegari da suka taso, wani dattijo, Baba Ummaru, a gaba, sai na runtse ido na zube rubda ciki. Ban duba ba, ashe kan kwaɓaɓɓiyar ƙasar gini ce, wadda aka tsima da kashin doki. Na daure na yi lamo, ina jiran su yi nadama.

"Iskoki na," in ji Baba Ummaru. "Ku danne shi."

Ƙarti suka danne ni. Wani ya tura min albasa a hanci, wani ya kwarara kiran salla cikin kunnena. Ina cewa lafiyata lau, suna cewa ai haka aljanin ke cewa. A kan ƙyaure suka ɗauke ni, muka ratsa gari, suka dire ni a zauren mahaifina, ɗalibansa cike.

Na yi bayani, laka na ɗiga daga gemuna. Malam ya saurara har ƙarshe.

"Da Musa ya hwaɗi, Ubangiji yaka roƙa wa mutanenai," ya ce. "Kai mi kaka yi a ƙasan?"

"Ina sauraren ko sun yi shiru, Baba."

Kunya ta kama ni har na so a mayar da ni cikin lakar. Na sallami mutanen suka je shuka, aikin kuma aka ba wani.

Tun ranar, in na ji labarin wani babba sai na jira ƙarshensa. Kuma in mutane sun zo da kuka, a tsaye nake sauraro.