Juma'ar da Na Kulle Baba da Sabon Hannun Ƙofa

Ko ranar aurena zan iya mantawa, amma ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na kulle surukina a ɗaki ba, da hannuna, da kyakkyawar niyya, kuma da bisimilla.

Ɗakin baƙinmu yana kusa da zaure. Ƙofarsa ta ƙarfe ce mai nauyi, irin wadda kowa a Batsari ya koma sakawa saboda halin da ake ciki. Ita ƙofar lafiyarta ƙalau, hannunta ne ya tsufa. Ya saki, ya sunkuyar da kai kamar mai zazzaɓi. Sai ka ɗaga shi sama, ka jijjiga, ka tokari ƙofar da gwiwa, sannan ta ga dama ta buɗe. Na yi wa maigidana, Abban Sadiya, magana ta fi a ƙirga. Amsarsa ɗaya ce kullum: "In sha Allahu ranar kasuwa." Kasuwa ta ci ta watse, ta sake ci ta watse, hannu yana nan yana sunkuye.

Sai ga bikin Hadiza ya taso. Hadiza 'yar ƙanen Baba ce, wato mahaifin maigidana. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, kuma kafin ya cika ya damƙa wa Baba amanarta. Saboda haka Baba ne waliyyi, zai taso daga Ruma ya sauka a ɗakin baƙinmu, a ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Dangin ango kuwa daga Tsaskiya za su zo a kan babura, kuma sun faɗa tun da wuri: ana shafa fatiha za su juya, don ba mai son yamma ta yi masa a wannan hanyar.

Ni dai Allah ya yi ni da saurin tausayi. Da na hango a raina dattijo mai furfura yana tokarar ƙofa da gwiwa a gidan ɗansa, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Ana gobe zai zo na sa hijabi na nufi shagon mai kayan gini, na sayo sabon hannu a kwali, ruwan gwal, yana sheƙi. A ciki akwai hannaye biyu, da wani guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu da ke ratsa ƙofa ya haɗa su, sai noti-noti a 'yar leda. Na ce wannan ai ba sai an kira kowa ba. Na yi sakandare fa (har na taɓa zuwa ta huɗu a darasin fasaha, ko da yake mu tara ne muka rubuta jarrabawar).

Da sukundireban keken ɗinkina na kwance tsohon. Da na zo ɗaura sabon, sai na ga ramukan sun yi wa ƙananan notin faɗi, suna ta rawa a ciki. Ban damu ba. Na karyo tsinken tsintsiya na cusa a kowane rami, yadda nake yi wa ƙofar kabad ɗina ta katako, na ɗiga gam, na ɗaure. Da na gama sai na ga wasu dogayen noti biyu sun yi saura a leda. Na ce Allah sarki, mai shagon nan mutumin kirki ne, har da gyara ya sa mini kamar na sayi gyaɗa. Na sa masa albarka, na jefa su a gwangwanin maɓallai. (Su ne ke ratsa ƙofar su riƙe hannayen biyu. Wannan daga baya na sani.) Na danna hannun ya sauka, na saki ya tashi. Ban rufe ƙofar na gwada ba, don kada in dami gam kafin ya bushe. Da Abban Sadiya ya dawo ya gani ya ce, "Kai! Ashe injiniya nake aure." Ranar har miya na ƙara wa nama.

Kafin in ci gaba, sai kun san yadda muke da Baba. Abban Sadiya ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunansa ba, "wancan" yake ce masa. To ina ga matar wancan? Shekara goma sha huɗu da aurena, abin da ke tsakanina da Baba bai wuce in durƙusa daga bakin ƙofa in ce, "Baba an zo lafiya?" shi kuma ya dubi bango ya ce, "Lahiya lau, Allah shi yi albarka." Shi ke nan. In akwai wata magana, sai dai a aika yara. Ranar kuwa yara duk suna gidan biki, matan unguwa ma haka. Ni kaɗai na tsaya don in dama masa fura.

Baba ya iso da hantsi, ya sha fura, ya ce zai ɗan miƙe. Abban Sadiya ya tafi masallaci wajen shimfiɗa da tarbar baƙi, don Baba ya ce ya san hanya, zai taka da kansa. Kafin ya fita, ya jawo wa Baba ƙofa ya rufe.

Wajen sha biyu da rabi ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji ƙwaras daga ɗakin baƙi. Na ɗago kai. Can sai na ji gyaran murya. Na kasa kunne. Aka sake gyaran murya, wannan karon mai tsawo. Ni ma, don ya san da mutum, na yi nawa ɗan ƙarami. Na lallaɓa a kan yatsun ƙafa, na kama hannun waje, na yi bisimilla, na danna na ja. Sai ga ni zaune daɓas a ƙasa, hannun gwal a hannuna, tsinken tsintsiya yana leƙowa daga bayansa. Guntun ƙarfen nan kuwa na ji shi yana gangarawa cikin cikin ƙofar, ƙwal, ƙwal, ƙwal, har ƙasa.

Na ruga na ɗauko waya na kira Abban Sadiya. Sai na ji tana ringi a cikin ɗakin, inda ya bar ta tana caji. Nan take na tuna da sunan da ya sa mini a wayar, da hoton da ke fitowa tare da shi, kuma Baba yana karanta boko. Na kashe da sauri har wayata ta kusa faɗuwa.

Mai hankali zai ce, ki buga ƙofa mana ki yi masa bayani. Wallahi na ɗaga hannu sau uku, bakina ya ƙi. Shi ma ta can ba zai kira ni ba, kuma dattijo kamarsa ba zai leƙa taga yana kururuwa a lungu ba. Muna nan tsaye, ƙofa a tsakaninmu, kowa yana ganin girman kowa, sai na ji Baba ya ɗaga murya:

"Ya Allah, Kai ka buɗe kowace ƙohwa. Ga bawanka riƙe da hannun ƙohwa, ita kuwa ƙohwar ba ta biyo shi ba."

Na ce, "Amin."

To ta wa zan ba da amsa? Na waiga, sai ga kazata tana tsattsagar shinkafar da na bari. Na dube ta na ce da ƙarfi, "Ke kaza, da kina ji, da na gaya miki na wajen ma ya cire."

Sai na ji ya ce, "Inna lillahi. Ya Allah, in akwai wuƙa a gidan ga, Ka sa a turo ta ta ƙarƙashi."

"Amin," na ce, na ruga kicin.

Na tura wuƙa. Na ji yana ta sakace-sakace. "Ya Allah, wagga ta yankan albasa ce, ta lanƙwashe." Na tura cokali. Na tura filaya. Na tura almakashin ɗinki. Ana cikin haka kazar ta gaji ta kama hanyar bayan gida. Na ga in ta tafi ba ni da abokin magana, sai na bi ta da gudu na cafko ta, na maƙale a hammata, na dawo bakin ƙofa. "Ke kaza, a gwada murɗawa ta dama." (Astagfirullah. Mace mai 'ya'ya huɗu.)

Na yi tunanin in ruga gidan biki neman taimako. Amma in tsaya gaban mata sama da hamsin in ce na kulle waliyyi? Na ce bari in ƙara gwadawa sau ɗaya. Wannan sau ɗayan ne ya kai mu har lasifikar masallaci ta ɗauki huɗuba, har aka tayar da salla. Da na ji kabbarar liman, sai na sulale na zauna na fashe da kuka. Mutumin da ko da damina, ko hanya ba daɗi, ba ya rasa Juma'a, yau na raba shi da ita saboda ƙyale-ƙyale. Na ji motsinsa yana sallar azahar shi kaɗai. Da ya sallame sai ya ce a hankali, "Ya Allah, Ka sanyaya zuciyar mai kuka. Bawanka ya yi sallarshi, kuma bai riƙe kowa ba." Na kasa cewa amin, kazar kawai na ƙanƙame.

Ba a jima ba Abban Sadiya ya faɗo gida yana haki. "Ina Baba? Liman na jira, mutanen Tsaskiya sai duban rana suke yi!" Na nuna masa ƙofa da hannun gwal. Ya dubi ƙofa, ya dubi hannu, ya dubi kaza. Ya ja baya ya banke ta da kafaɗa. Ƙofar da aka yi don ta tsare mu daga 'yan bindiga ina za ta kula da kafaɗar malamin firamare? Aka aika wa mai walda, ya ce ba wuta, sai ya ɗoro janareta a kura, a ba shi awa guda. Kawun ango ya ce su fa awa guda ba su da ita. Wani ya zagaya ta taga ya ce Baba ya wakilta wani kawai. Baba ya ce, "Ƙanena bai ce in aika ba. Da bakina zan ba da ita."

Da aka kai wa liman wannan magana, sai ya naɗe dardumarsa ya ce, "To, mu je inda bakin yake."

Jama'a, haka masallaci guda ya taso ya cika lungun gefen gidanmu, daidai inda nake zubar da ruwan wanke-wanke. Aka shimfiɗa tabarmi ana kauce wa kwata. Tagar ƙarama ce kuma tana sama, sai da Baba ya taka akwatin kayan sanyin yara, rawaninsa da hancinsa kawai ake gani tsakanin rodi. Ina laɓe jikin katanga ina jin komai. Wakilin ango ya ɗaga kai sama ya nemi aure, Baba ya leƙo ya bayar. Sanƙira ya kwarara murya: "Waliyyin amarya, daga inda Allah ya aje shi, ya ce ya bayar!" Wani daga baya ya ce, "A yi masa addu'ar samun beli!" Liman da kansa sai da ya rufe baki da gefen rawani kafin ya iya jan fatiha. Aka miƙa wa Baba goro da dabino ta taga. Mutanen Tsaskiya suka tayar da baburansu da sauran rana, suna tafiya suna waiwayen tagar.

Na ɗauka an gama. Ashe saura nawa.

Mai walda ya iso, kuma rabin mutanen suka ƙi tafiya, suka cika zaure don su ga fitowar waliyyi. Na shige kicin na saki labule. Aka yi ta ƙara da tartsatsi, can ƙofa ta buɗe, Baba ya fito da babbar rigarsa, hannun gwal a hannunsa kamar an ba shi kyauta. Mai walda ya karɓa ya juya shi, ya zaro tsinke ya ɗaga sama.

"Wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan aikin? Tsintsiya a ƙofar ƙarfe? Da gam? Ku faɗa mini sunan kafintan, wallahi yau sai ya bar garin nan!"

Baba ya yi caraf ya ce, "Ni na ja da ƙarhi."

"Haba Baba, ja ba ya shuka tsintsiya a rami."

Na ga dattijo zai ɗauki laifina a gaban mutane bayan duk abin da na ja masa. Zuciyata ta kasa. Daga bayan labule na ce, "Ni ce." Na yi niyyar ya fito a hankali, amma daidai lokacin aka kashe janareta, sai muryata ta tashi ita kaɗai, tar, har zaure.

Kowa ya waiwayo labulen kicin. Mai walda ya sosa ƙeya ya ce, "Au. To... gam ɗin dai mai kyau ne, Hajiya." Liman ya ce, "Allah ya ba da ladan niyya." Sai dariya ta ɓarke, har da Abban Sadiya, wanda na ji muryarsa ta fi ta kowa (mun yi wannan maganar daga baya).

Washegari da safe Baba ya shirya komawa Ruma. Na durƙusa daga nesa kamar kullum, kaina a ƙasa, na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba." Ina jiran ya dubi bango. Sai na ji ya ce, "Ɗiyata."

Na ɗago. Ni yake kallo.

"Kin so ki hutar da ni, na gani. Allah shi yi miki albarka. Amma in wani abu ya sake lalacewa a gidan ga kahin in dawo, don girman Allah ki bar shi a lalace."

Na ce, "To, Baba." Kai tsaye, ni da shi, ba ɗan aike.

Har yau ban daina gyare-gyare ba, hali ne. Sai dai yanzu duk abin da na gyara don in hutar da wani, ni nake fara shiga ciki in rufe, in ga ko zan fito. Kuma sai na tabbatar akwai mutum a waje wanda ba ya jin kunyata.