Shehin da Bai Sauko Ba

Da na sayo allon karatun nan na lantarki mai kama da takarda, na cika shi da littattafan fikihu, na ɓoye tsohon wasan yara a ciki. Duk Fagam ba mai wayona.

Ina bugawa a motar Birnin Kudu caji ya ƙare, na jefa shi aljihu. Ashe ba kamar waya ba ne, hoton ƙarshe yake riƙewa.

Bayan la'asar, ga surukina zaune, Malam, mai koya mana fikihu, ya ce, "Kawo mu duba babin alwala."

Na miƙa masa allon. Malam ya daɗe yana kallon gajeren mutumin wasan da ya daskare tsakiyar tsalle.

"Wannan wane shehi ne?"

Har yau dattawa ke tambayata, "Shehin naka ya sauko kuwa?"