Ranar da Na Shanye wa Baffa Baki

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ƙanwata Rabi a Birnin Gwari ba, kuma har gobe ban yarda laifin nawa ne ni kaɗai ba.

Baffa, yayan mahaifinmu, yana jinya a Kaduna, ga hanyar dajin nan ba ta biyuwa yadda aka ga dama. Sai ya turo bidiyon sa albarka. Ni ne mai kwamfuta a dangi (malamin firamare ne ni, amma Injiniya suke ce mini, ban kuma taɓa hana su ba), don haka aka ce in haska shi da majigi kowa ya gani.

Tsohuwa ce kwamfutar, tana ɗan nauyi. Da safe na shiga Bayos, wato saitin can ciki da ke fitowa kafin kwamfuta ta gama tashi, na ga an rubuta "kash" a kunne. To a waya, in ta yi nauyi ba kash ake gogewa ba? Na kashe shi gaba ɗaya, na rufe ta ban ko gwada ba. (Gwani ba ya gwaji.)

Bayan la'asar zaure ya cika, har da waɗanda suka zo a kan babura daga Gayam. Mata suna leƙe ta ƙofar cikin gida. Na kunna. Muka jira har shayi ya huce. Da ƙyar Baffa ya bayyana a jikin farin zanen da muka rataye.

"Assalaaa..." Sai ya tsaya cak. Baki a karkace, ido ɗaya a rufe. Can ya motsa, murya na ja kamar kukan bijimi, ya sake ƙamewa.

Goggo Hansatu, ƙanwarsa, ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Ciwon ya shanye masa baki! Shi ne kuka ɓoye mana?"

"Goggo, na'ura ce," na ce.

"Rufe mini baki! Na'ura ce ta karkata masa fuska?"

Kafin ka ce kwabo cikin gida ya ɗauki kuka, amarya har da birgima. Mahaifinmu ya fita neman sabis a bakin titi, ya dawo da waya a kunne, ya ƙara mata murya don kowa ya ji. Baffa ne, garau, yana tauna rake.

"Wane ne ya kashe ni da raina?"

Zaure kaf ya juyo gare ni. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Kash!"

Daga baya na bincika. Ashe wannan kash ɗin ɗan ma'aji ne kusa da ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamar gishirin da mai girki ke ajiyewa gefen murhu. Ni kuwa na sa ta zuwa kasuwa a kan kowane ɗan barbaɗe. Na mayar da shi, ta ci gaba da aiki lafiya.

To amma ku gaya mini, wa ya sa wa abu biyu suna ɗaya? A waya ka goge a yaba maka, a kwamfuta ka taɓa a zage ka. Wannan rashin adalci ne, kuma na faɗa wa Baffa haka da ya dawo. Ya saurare ni tsaf, sannan ya karkace baki ya rufe ido ɗaya. Yanzu haka yake gaishe ni ko a masallaci.

Na dai koyi abu guda: duk abin da ka tarar a kunne, akwai wanda ya fi ka hankali da ya kunna shi. In kuma dole sai ka kashe, kada ka gayyaci Goggo.