Yadda Za Ka Zaɓa Wa 'Yarka Wasan Kare Kai, Kai Kuma Ka Rasa Mai Kare Ka

Tun kafin mu yi nisa, ka sani akwai abin da zai goce a wannan harka, kuma a jikinka yake. Amma na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, babu yaron da zai sake taɓa maka 'ya. Na gwada, magana ce daga kan katifar jinya.

1. Ka tabbatar akwai matsala

Auta, 'yar shekara shida, za ta dawo daga makaranta babu gorar ruwanta, ido ya yi ja. Wani ɗan ajinsu da ake kira Buldoza ne ya ƙwace. Jiya ma shi ya cinye mata abin goge fensir. Ban ce ya ɗauke ba, ya cinye. Da safe za ta riƙe ƙafar tebur ta ce ita ta gama karatu. Uwarta za ta ce, "Baban Auta, ka je ka ga malamar ajin mana." Kada ka je. Wannan hanya ta cika sauƙi, uba na gari ba ya bin ta.

2. Ka zagaya, ka leƙa ta taga

Fara da masu karate. Za ka tarar da yara a jere suna kurma ihu kamar an taka musu yatsa. Ka tuna bangonka ɗaya da maƙwabcinka mai hawan jini. Wuce.

Sai masu takwando, su shuri ne sana'arsu. A nan ake son lissafi. Ka tsayar da yarinyar a gabanka, ka ce ta ɗaga ƙafa iya ƙarfinta, ka duba daidai inda ta kai a jikinka. Ka gani? To wuce da sauri.

Dambe kuwa kada ma ka kawo maganarsa gida. Uwarta za ta ce haƙoran gaba yanzu suka fito, in suka zube kai za ka haifo wasu.

3. Ka zaɓi judo, ka yaba wa kanka

Malamin ɗan gajere ne, mai magana a hankali kamar mai sayar da turare. Zai ce maka, "Mu nan babu naushi, babu shuri. Riga kawai muke riƙewa." Ranka zai yi fari. Wa riƙon riga ya taɓa kashewa? Ka saya mata farar rigar, wadda ta fi ta girma, ka naɗe hannun, ka ɗauki hoto ka tura wa dangi.

4. Ka jure wa faɗuwa

Makonnin farko ba za a koya mata kayar da kowa ba. Ita za a koya wa faɗuwa. Za ta faɗi a falo, ta faɗi a bakin shago, ta buga tafin hannu a ƙasa, fam! Ranar da kakarta ta zo, za ta zaci suma ce, ta sheƙa mata ruwan buta tana salati. Ka ce, "Inna, darasi ne." Za ta ce, "Darasin faɗuwa? Kai da kake yaro kyauta kake yi."

Abin lura: ita ta koyi faɗuwa. Kai ba ka koya ba.

5. Ka karɓi aikin gida

Wata rana malam zai ce kowa ya maimaita a gida da wanda ya fi shi girma. Uwarta za ta ce tana da tukunya a wuta, ko da murhun a kashe yake. Saura kai. Ka durƙusa a katifa, ta riƙe maka wuyan riga, ka faɗi da gangan kana cewa, "Wayyo, Auta ta kashe ni!" Za ta yi dariya har da riƙe ciki. Za ka ji kai ne uban da ya fi kowa.

Sai dai malam ya gaya musu a jira lokacin da mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ba ka san sau nawa kake tsayawa da ƙafa ɗaya ba sai kana da 'yar judo: sa safa, sa wando, tsallake tsintsiya. Ranar da ta share maka ƙafar, kana riƙe da kofin shayi, za ka ga silin ta fuskar da ba ka taɓa ganinsa ba. Za ta sunkuyar da kai cikin ladabi ta ce, "Baba, ba ka buga hannu a ƙasa ba."

6. Ka tuna mata da Buldoza

Daga inda kake kwance, ka ce, "To Auta, gobe haka za ki yi wa yaron nan."

"A'a Baba. Malam ya sa mun yi alkawari, ba a yi sai inda akwai katifa."

"Makarantarku babu katifa?"

"Babu. Gidanmu ne akwai."

Ka auna maganar. Duk faɗin duniya, mutum ɗaya ne ya halatta ta kayar.

7. Ka raka ta makaranta a karkace

Ka tafi kana dafa ƙugu, kana jan ƙafa, kana warin man zafi. A bakin ƙofa wani yaro mai kumatu zai ƙura maka ido, gorar 'yarka a rataye a wuyansa. Zai ce mata, "Ke, wa ya yi wa babanki haka?"

Za ta ce, "Ni."

Ka nisa da ƙarfi, kada ka ƙaryata. Yaron zai dube ka daga sama har ƙasa, ya dubi 'yar mitsitsiyar da ke riƙe da yatsanka, ya cire gorar ya miƙa mata da hannu biyu. Kafin sati ya fita shi zai riƙa ɗaukar mata jaka.

Babu ruwana

Ba na ɗaukar alhakin ƙugu, kofi, ko dariyar abokan aiki. Wanda ya bi shawarar nan shi ya ga dama. Abu ɗaya ne har yanzu ban sani ba: jiya na ji uwar Auta tana tambayar malam ko yana da ajin manya, kuma ko su ma ana ba su aikin gida. Ban ji amsar da ya ba ta ba.