Ranar da Maman Chidi Ta Amsa Min da Fillanci

Ko zan manta da komai na aikin jinya, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a unguwar Tumfure da ke Gombe ba, ranar da bakina ya yi min abin da maƙiyi bai taɓa yi min ba. Sunayen da za ku ji duk na canza su, kuma sai da na nemi izinin mai labarin kafin in ɗauki biro. (Kun ga ai na yi hankali. A makare dai.)

Ni nas ce, a sashen da ke kula da marasa lafiyar da magani ya daina yi wa aiki. Mu ba warkarwa muke yi ba. Namu shi ne rage raɗaɗi, wanke gyambo, gyara wa mutum kwanciya, da zama a saurare shi. Yawancinsu sun fi son su ƙarasa kwanakinsu a gida, don haka mu ke bin su, jaka a kafaɗa, daga wannan keke napep zuwa wancan. Tun ranar da na fara, shugabarmu, wata dattijuwa 'yar Kaltungo da ba ta dariya sai da dalili, ta ja min kunne. Ta ce duk abin da mara lafiya ya faɗa min nasa ne, ajiya ya ba ni. Na ce, "Haba Sista, ni za a gaya wa?" Lokacin ina ji da kaina, wallahi. Fayil ba ya kwana a jakata, wayata a kulle take, ko maigidana ya tambaye ni wa na je dubawa sai in ce masa wani bawan Allah ne.

Sannan ina da wata dabara da nake taƙama da ita. Ni 'yar unguwar Jekadafari ce, a gidanmu Fillanci ake yi (irin namu na cikin gari, wanda rabinsa Hausa ce aka ɗaura wa ɗankwali). In ina so in faɗa wa abokiyar aiki magana a gaban mutane, sai kawai in juya harshe. Na daɗe ina yi ba a taɓa kama ni ba, har na fara ganin kaina wata gwana.

Baban Chidi ɗan ƙabilar Ibo ne, mai gyaran keken ɗinki, ya zo Gombe yana saurayi ya tsufa a cikinta. Ciwon daji ya gama da hantarsa. Ranar da likita ya gaya masa gaskiya ina tsaye a wurin. Ya saurara tsaf, ya tambayi nawa ya rage, likita ya ce sani sai Allah, amma a ganinsa makonni ne. Da likita ya fita sai dattijon ya riƙe igiyar jakata.

"'Yata, kar matata ta ji tukuna," ya ce. "Ba ɓoye mata zan yi ba. Ɗanmu Chidi zai zo daga Aba ran Asabar. Da bakina nake so in faɗa mata, yana zaune kusa da ita, don in ta faɗi a samu mai tare ta. Ba na so ta ji tana ita kaɗai."

Na dafa ƙirji na ce, "Baba, ka ɗauka a rijiya ka jefa maganar nan." Har da jan biro na rubuta a fayil ɗinsa cewa kar a sanar da kowa sai shi ya ba da izini. Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ran Laraba aka haɗa ni da Dija, sabuwar nas 'yar Dukku, mu je duba shi. Na azalzale ta muka fito ba ta karanta fayil ba. A cikin keke, hanya da nisa, ta tambaye ni abin da ke damun mutumin. Na harare ta na ce, "Ba a maganar mara lafiya a keke, ki koya tun yanzu." Na gyara zama ina jin kaina malama. (Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi nan gaba kaɗan.)

Mun tarar ya sha magani barci ya ɗauke shi. Matarsa, Maman Chidi, ta sauke mu a falo, ta kawo mana zoɓo mai sanyi, muka gaisa da Hausa. Ta koma bakin ƙofa ta zauna a kujera 'yar tsuguno, faranti a cinya, tana yanka ganyen miya. Dija ta matso ta raɗa min, "Wai yaya ake ciki ne?" Na ɗaga kai na dubi matar: carbin coci a wuya, kalandar coci a bango. Nan take na yanke hukunci ni kaɗai, na juya harshe.

Ban rage komai ba. Na ce hanta ta gama, likita ya ce makonni ne. Na ce ya hana a gaya wa matar sai ɗansu Chidi ya zo ran Asabar. Da ma a nan na tsaya! Ina, sai da na ƙara gishiri. Na ce, "Ga ta nan baiwar Allah, ba ta san komai ba, shekaranjiya ma cewa take in ya warke za su je gida ganin jika." Saboda tsabar iyayi har na rufe da cewa in ta ba mu miyar nan Dija ta yi hattara, barkononta sai ya tsinka hanji.

Ƙarar wuƙa a kan faranti ce ta tsaya. Ita na fara lura da ita.

"Mi nani," in ji Maman Chidi, ba ta ko ɗago kai ba. Wato, na ji.

Kofin zoɓo yana hannuna, tsakanin cinya da baki, a nan ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni, ta tambaye ni da Fillanci ko hantar duka ce ta lalace ko da saura. Fillanci tsantsa, irin na ruga, kalmar da ta kira hanta da ita rabon da in ji ta tun kakata tana da rai. Daga baya na ji cewa shekara da shekaru ta yi tana bin kasuwannin ƙauye da kwanuka da atamfa, matan Fulani ne masu sayenta, in ruwa ya tare hanya a wurinsu take kwana. Ni da nake ɓoye mata magana, ta fi ni jin yaren uwata.

Dija ta ƙura wa siminti ido kamar a nan aka rubuta mata albashi. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai na buɗe bakin nan dai da ya jawo min, na ce, "Mama, ai wani... wani mara lafiyar muke nufi."

"Wani mai ɗa Chidi da zai zo ran Asabar?" ta ce, da Hausa yanzu. "Mai mata mai barkono?"

Innalillahi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu zan shige, in ja ta in rufe.

Ta ajiye farantin a hankali, ta leƙa ɗakin mijinta ta ga yana barci, ta yafito ni zuwa kicin ta tura ƙofa. Na ɗauka zagi zan sha, kuma da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta cusa bakin zaninta a baki don kar ya ji, ta durƙushe. Babu mai tare ta sai ni. Abu ɗaya tak mutumin nan ya roƙa, kar matarsa ta ji tana ita kaɗai, ga shi ta ji a bakin baƙuwa, a matsayin gulma, kuma wadda ta yi ɓarnar ce take riƙe da kafaɗarta. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan lokacin ba.

Da ta gaji ta wanke fuska a bokiti, ta goge. Ta ce, "Na daɗe ina zargi. Ni nake wanke masa kaya, ina ganin yadda wando yake zame masa. Amma zargi daban, ji daban." Na fara ba ta haƙuri ta ɗaga min hannu. "Ba za ki gaya masa na ji ba. Ya ce da bakinsa zai faɗa min, to ki bar masa. Shi ke nan abin da ya rage da zai iya yi min."

A ranar na kai kaina gaban shugabarmu na zayyana mata komai. Ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi. Ta cire tabarau ta ce, "Fayil kin kulle a durowa. Bakin fa, a ina kike kulle shi?" Na ce ai ban san tana jin Fillanci ba. Ta ce, "Da ba ta ji fa, sai ya zama daidai? Ki zauna a falon mace, kina shan zoɓonta, kina maganar mutuwar mijinta a kan kanta?" Ta sa na rubuta rahoto, ta je da kanta ta ba Maman Chidi haƙuri. Na roƙe ta ta canza min gida, ta ƙi. Ta ce ni zan ci gaba da zuwa.

Haka na je Alhamis, na je Juma'a. Ina kallon matar nan tana ba shi kunu a cokali, tana tsokanarsa wai ya cika raki, tana ce masa in ya warke sai ya gyara mata kekenta da ya shekara yana yi mata alkawari. Shi kuma yana dariya, yana satar kallona, yana ƙifta min ido irin na masu sirri ɗaya. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, sau biyu ina rufewa. Har yau ban tabbata shirun nan daidai ne ba. Na dai san na riga na ƙwace masa abu ɗaya, ban ga dalilin ƙwace na biyu don kawai in sauke nauyin da ke ƙirjina ba.

Ran Litinin na tarar Chidi ya zo, yana zaune a bakin gado. Fuskar Baba ta washe kamar wanda aka sauke wa buhu.

"Na faɗa mata," ya ce. "Kin san ko hawaye ba ta yi a gabana ba? Hannuna kawai ta riƙe ta ce ta ji. Matar nan ƙarfe ce." Sai ya kamo hannuna da nasa da ya zama ƙashi. "Na gode, 'yata. Kin riƙe amana. Allah ya ba ki masu riƙe miki taki."

Maman Chidi tana tsaye a bakin ƙofa, idonta a kaina. Na ce amin. Ban taɓa furta amin mai nauyin wannan ba.

Bayan mako uku ya rasu, a ɗakinsa, matarsa da ɗansa suna gefensa. Ita tana nan, ina leƙa ta lokaci lokaci. Tun daga ranar ba ta ƙara gaishe ni da Hausa ba, sai Fillanci, kuma in na yi kuskure sai ta gyara min a gaban kowa. Kwanaki ma ta ba ni miya a kwano, ta ce in ci hankali kwance, ta rage barkono saboda hanjina.

Abin da na koya bai da yawa. A garin nan kowa yana jin yaren kowa, in bai ji ba ma yana karanta fuska. Yanzu maganar mara lafiya sai a ofis, ƙofa a rufe, da wanda aikin ya shafa kaɗai. In sabuwar nas ta juya harshe a gidan mutane, Fillanci ne ko Tangale ko Turanci, ƙafarta nake takewa tun kafin ta kai aya. Suna cewa na cika tsanani, wai kamar ni ban taɓa kuskure ba. Sai in yi murmushi kawai. Ba su san ina yawo da addu'ar wani mamaci ba, wadda ya yi min bisa kuskure, kullum ina ƙoƙarin in cancance ta.